Jar Motar Alhaji Bukar da Kunnen Kakanku

Kun taso kun tarar ana kirana Garba Mai Jar Mota, kuma na san kowannenku ya taɓa ba abokansa labarin yadda ubansa ya tayar da motar da ta shekara talatin a kwance. Ban taɓa ce muku gaskiya ne ba, amma ban taɓa hana ku faɗa ba. Yanzu da ciwon ƙafa ya zaunar da ni a gida, na ga gara in rubuta muku abin da ya faru a waccan shekarar da hannuna, domin waɗanda suka san gaskiyar sun kusa ƙarewa, kuma dukansu masu rufa mini asiri ne.

Kakanku na wajen uwa, Malam Inuwa, maigidana ne a sana'a tun kafin ya zama surukina. Garejinsa ba wani gini ba ne, inuwar darbejiya ce da rumfar kwano a bakin titin da ke zuwa Ɗanbatta, gonakin gero da gyaɗa sun zo har gindin rumfar. Aikinmu motocin haya ne da a-kori-kura, sai injin ban-ruwa da injin niƙa. Abin da aka san shi da shi kunne ne. Mota za ta taho tun daga kwana, yana sunkuye a kan wani aiki, ba tare da ya ɗaga kai ba zai ce fulogi na uku ne ya mutu, in an buɗe a tarar haka ne. Har daga Dawakin Tofa direbobi ke zuwa don kawai ya saurari injinsu. Shi ya koya mini riƙon sifana, shi ya ba ni 'yarsa Rabi, mahaifiyarku, bai kuma taɓa ɗaga mini murya a gaban mutane ba. Amma a shekarar da nake ba ku labari na haura arba'in, furfura ta fara fito mini a gemu, kuma har lokacin in direba ya zo bai tarar da shi ba, sai ya dube ni ya ce, "Yaron Malam, ina maigidan?" Wannan kalma ta daɗe tana cina, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Wata rana da hantsi mahaifiyarku ta dawo daga gidansu, ta same ni ina shirin fita. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murɗa bakin mayafinta.

"Malam, akwai maganar da nake so ta tsaya tsakanina da kai."

"Ina jin ki."

"Kunnen Baba na dama ya tafi gaba ɗaya. Na hagun ma ya fara. Inna ce ta gane, ta ce sau uku ana kiran salla yana zaune bai motsa ba. Shi ya sani, amma ba ya so a sani. Don Allah ka riƙa tsayawa ta hagunsa. In direba ya yi magana ka maimaita da ƙarfi, kamar kai ne ba ka gane ba."

Na ce mata babu mai jin wannan magana a bakina, na kuma rantse. Wata da watanni na cika alkawari. Ina tsayawa ta hagunsa, ina maimaita maganar direbobi, har wasu suka fara tsokanata wai ni ne kunnena ya yi nauyi. Na lura ya daina tsayawa nesa yana saurare, yanzu tafin hannunsa yake ɗorawa a jikin inji ya lumshe ido. Kuma duk da haka bai cika kuskure ba.

Bayan an gama girbi sai ga motar a bayan wata babbar mota. Mai ita Alhaji Bukar ne, likitan dabbobi da ya yi ritaya. Iyayensa mutanen Barno ne da suka daɗe da zama a Kano, shi kuma ya sayi gona a bayan garinmu ya tare a can. Motar ja ce, gajeruwa, kujera biyu kawai, ba ta da rufi, hancinta dogo kamar kwalekwale. Mahaifinsa ne ya saye ta a hannun wani Bature da zai koma gida, tun da ya rasu kuma aka tura ta cikin wani ɗaki aka rufe. Ɓeraye sun cinye wayoyin, kaji sun yi sheƙa a kan kujerun, injin ya kafe ko motsi ba ya yi. Alhaji ya tsaya yana shafa ƙofarta.

"Malam Inuwa, ba don gudu nake son ta ba. Hajja, mahaifiyata, tana wurina a gona. Ta tsufa ƙwarai, sunan jikokinta ma ya fara ɓace mata, amma kullum sai ta tambaye ni ina jar motar. A cikinta mahaifina ke kai ta unguwa. So nake in ɗauke ta ko sau ɗaya ne, mu zaga ta ga kasuwa, mu dawo."

Baba Inuwa ya ce in Allah ya yarda za ta shiga.

Wata huɗu muka yi a kan injin nan, kuma in gaya muku gaskiya ban taɓa jin daɗin aiki kamar na waɗannan watanni ba. Muka warware shi ƙarfe-ƙarfe, muka jera a kan buhuna, muka wanke da kananzir. Abin da ya mutu Alhaji ya sa ɗansa da ke karatu a ƙasar waje ya nemo ya aiko. Fistin sabo, bawul sabo, sauran kuma Baba ya goge da hannunsa. Motar kafireta biyu gare ta a jere, wato abin da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, ta gaba tana ciyar da rabin injin, ta baya ɗaya rabin. In ba su ja iska daidai da juna ba, injin zai riƙa ɗingishi. Baba ya ce a da ya taɓa saita irinsu, da ɗan guntun tiyo na roba ake yi: a kara baki ɗaya a kunne, ɗaya a bakin kafireta, a saurari hucinta, a koma kan ɗayar, a yi ta juya sukurori har hucin ya zama ɗaya. Yana faɗin haka na ga ya taɓa kunnensa na hagu, ya yi sauri ya sauke hannun.

A kwali na ƙarshe da ya iso akwai kamshaf guda biyu. Ku da ba ku bi sana'ar ba, kamshaf wani dogon ƙarfe ne mai ƙululai a jiki kamar ƙwai, yana juyawa ƙululan na danna bawul suna buɗewa suna rufewa, da haka inji ke shaƙa yana fitarwa. Ɗaya irin na ainihin motar ne. Ɗayan ƙululansa sun fi tsawo da faɗi, yana buɗe bawul sosai ya kuma daɗe bai rufe ba. Ɗan Alhaji ya rubuto cewa wannan na masu son ƙarfi ne, a zaɓi wanda aka ga dama. Ni na ɗan yi boko, na karanta takardar, na kuma kalli irin motar a waya tana kuka tana tsere. Tun daga ranar raina ya zauna a kan na biyun. Na riƙa hango motar na fitowa daga garejinmu da rugugi, mutane na fitowa daga gonaki suna tambayar wa ya yi wannan aiki.

Baba ya juya shi a hannu, ya bi ƙululan da babban yatsa, ya ajiye.

"Wannan na filin tsere ne, Garba. Sai inji ya hau sama sosai yake da ƙarfi. A ƙasa ba shi da komai, in mota ta tsaya silo ba zai zauna ba, mutuwa injin zai riƙa yi. Hanyarmu shanu ne da jakai da ramuka, kuma tsohuwa za a ɗauka."

"Baba, zamani ya canza. Ana iya saita shi."

"Ƙarfe bai canza ba," ya ce, ya ci gaba da aikinsa.

Da maganar ta tsaya nan da babu abin da zan rubuta muku. Bayan kwana biyu Alhaji ya zo da la'asar. Benci cike yake, direbobi uku na jiran aiki, mai shayi, da wasu manoma da suka saba zuwa kallon motar. Alhaji ya tambayi wanne za a sa. Baba ya yi masa bayani a tsanake. Alhaji ya juyo gare ni don ya ga ina motsa baki, na kawo nawa dalilan, na ga kamar ya fara karkata, domin ɗansa ya zuga shi a waya. Sai Baba ya ce, "Alhaji, in aka sa wancan, hucin kafiretocin ba zai tsaya wuri ɗaya ba. Babu kunnen da zai daidaita su."

Har yau ban san daga ina maganar ta fito ba, amma daga bakina ta fito.

"Wane kunnen, Alhaji? Maganar gaskiya, Baba ya daina ji. Ya kusa shekara. Ni nake rufa masa."

Baba yana kallon Alhaji, bai san me na ce ba domin ta damansa na tsaya, kuma da gangan na tsaya can. Da na bari a haka ma da sauƙi. Sai na matsa kusa da kafaɗarsa, na ce da muryar da kowa ke ji, "Baba, ka ji abin da na ce?" Bai juyo ba. Wani direba ya yi 'yar dariya, ya haɗiye ta. Alhaji ya sunkuyar da kai. Baba ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, ya ga duk sun kauda ido, sannan ya waiwayo ya gan ni a inda ban saba tsayawa ba. Ya daɗe yana kallona. Babu wanda ya gaya masa komai, shi ya gane. Ya ɗauki tsumma ya goge hannunsa yatsa-yatsa, ya zaro guntun tiyon nan daga aljihu ya ajiye a kan motar.

"Gaskiya ya faɗa maka, Alhaji. Kunnen ya tafi. Garba zai ƙarasa maka aikinka."

Ya hau kekensa ya tafi. Ɗaya bayan ɗaya mutanen suka tashi, har da mai shayin, wai za su yi alwala.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Mahaifiyarku ta ajiye mini tuwo, ta kawo ruwa, ta koma gefe ta zauna tana tsinke zogale. Na fara kawo mata hujja, wai amana ce aikin mutum, wai bai kamata a ɓoye wa mai mota ba. Ta bar ni har na gama.

"Da bakina na gaya maka," ta ce. "Ina ta neman wanda zan ji haushi, kullum sai in dawo kan kaina."

Ba ta yi yaji ba, ba ta fasa yi mini komai ba, amma ta daina hira. Ke Sadiya kina da wayo a lokacin, wataƙila kina tuna watannin da gidanmu ya zama kamar gidan makoki, kuna tambaya ana ce muku babu komai. Wannan ne dalilin.

Na sa kamshaf ɗin da nake so. Ranar da injin ya tashi ya yi wata ƙara da ta sa awaki tsinke igiya, na ji kaina ya yi girma. Amma da na sake totur sai ya fara kakari, ya girgiza, ya mutu. Na kara tiyon a kunne. Kunnena lafiyarsa ƙalau, ina jin komai, sai dai ban san abin da nake ji ba. Hucin ya hau ya sauka, in na kama ta gaba ta baya ta kuɓuce. Mako uku ina fama a cikin zafin bazara. Na ƙara fetur, fulogi suka yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na rage, injin ya riƙa tari ta bakin kafireta. Daga ƙarshe na yi abin da Baba ya hana ni tun ina koyo: na zare jet, wato 'yan ƙananan ƙarafa masu huda da fetur ke bi, na sa waya na faɗaɗa hudar. Na kuma ɗaga silo sama har injin na ihu yana tsaye, don kawai kada ya mutu. A kan kwalta, in an taka ta sosai, motar tashi take kamar za ta bar ƙasa. Na yi ta kai da komowa a gaban gari, yara na bi da gudu, manya na ɗaga hannu. Ni kaɗai na san sai na riƙa wasa da ƙafa biyu, ɗaya kan birki ɗaya kan totur, a duk inda na rage gudu. Gidan Baba bai fi tafiyar minti biyar ba, kuma kullum sai zuciyata ta ce in je. Ban je ba. Na kira Alhaji na ce masa mota ta gama.

Ranar kasuwar Ɗanbatta ya zaɓa. Aka fito da Hajja an naɗa mata lafaya mai ruwan goro, aka sa mata matashi a baya. Da ta ga motar ta miƙa hannu ta shafa, ta faɗi wata magana da Barbarci, Alhaji ya juya yana share ido. Ya ja, ni na bi su a babur. A kan titi komai lafiya, ina hango mayafinta na kaɗawa. Da muka kusa bakin kasuwa sai ga garken shanu ya tare hanya. Alhaji ya taka birki, mota ta mutu. Ya tayar, ta sake mutuwa. Masu hon suka taru a baya, mutane suka kewaye suna kallo. Ina ƙoƙarin kutsawa da babur in isa gare shi, sai na ji ya danna totur har ƙasa ya saki kuloci. Motar ta yi tsalle gaba ɗaya ta daki amalanken wani mai tukwane. Tukwane suka tarwatse. Goshin Hajja ya bugi ƙarfen gaban motar.

Raunin bai yi zurfi ba, Allah ya kiyaye, amma jinin tsofaffi ba ya saurin tsayawa, ya gangaro har kan lafayar. Ba ta yi ihu ba. Kuka take a hankali tana kiran sunan mijinta da ya shekara talatin a ƙasa, tana tambaya me ya sa yau ya yi mata haka. Alhaji ya ɗauke ta cak ya sa a motar haya zuwa asibiti. Kafin ya rufe ƙofa ya dube ni, bai ɗaga murya ba.

"Garba, ka ce mini ta gama."

Motar ta ƙi tashi, fetur ya cika ta. Wani manomi da ya sanni ya kwance shanun huɗarsa daga amalanke, muka ɗaure ta da igiya. Haka na dawo gari a zaune a bayan sitiyari, bijimai biyu na jana, rana na dukana, ba rufin da zan ɓuya. Kuma hanyar gareji ta ƙofar gidan Baba take bi. Yana zaune a bakin zaure yana tufka igiya. Ya ɗaga kai ya gan mu tun daga nesa, ya naɗe igiyarsa, ya shige ciki. A lokacin na ɗauka tsana ce. Daga baya mahaifiyarku ta gaya mini abin da ya ce wa Inna da ya shiga: wai kada yaron nan ya zo wucewa dole ta sa ya sauko ya gaishe ni a wannan hali.

Kwana uku ban leƙa gareji ba, ko masallaci ta bayan gida nake bi. A rana ta huɗu da safe na daure na fita. Tun daga nesa na hangi keke a jingine da darbejiya. Baba ya riga ya buɗe murfin injin, ya shimfiɗa buhu, ya jera notuna. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu.

"Miƙo sifana sha uku," ya ce.

Kwana biyu muka yi muna cire kamshaf ɗina muna mayar da na ainihi. Da ya zo kan jet ɗin, ya ɗaga ɗaya ya hango rana ta cikin hudar, ya ɗaga na biyu, ya ajiye su a gefe. Na so ya zage ni, wallahi na so. Sai ya ciro wani gwangwanin madara daga jakarsa, ashe tsofaffin jet ɗin motar, da muka maye da sababbi, ya wanke ya adana tun farkon aiki. Da aka zo saiti, ya ɗauki tiyon ya miƙa mini, shi ya riƙe sukudireba, ya ɗora tafin hagunsa a kan injin.

"Kai ka saurara, ni in juya. In ta gaba ta fi huci ka ɗaga yatsa ɗaya, in ta baya ce ka ɗaga biyu. Kada ka bi ƙarfin ƙarar. Kaifinta za ka bi, wadda ta fi siriri ita ta fi ja."

Shekara ashirin da wani abu ina tare da shi, sai ranar na ji abin da yake ji. Na ɗaga yatsa, ya juya kaɗan, na koma ɗayar, ya juya. Wani lokaci kafin in ɗaga yatsa hannunsa ya riga ya gaya masa. A hankali girgizar ta kwanta, hucin biyu ya haɗe ya zama ɗaya, injin ya koma numfashi kamar na mai barci. Ya sa na zaga da ita cikin gari a giya ta biyu, ta bi bayan jakai ba ta ko yi tari ba. Da na dawo ya cire fulogi ya nuna mini, bakinsa ya yi launin soyayyar gyaɗa.

"Haka ake so," ya ce. Ya tattara kayansa a keke. "Ka kira Alhaji. Ba sai ka ce na zo ba."

Alhaji ya zo washegari. Ya saurari injin, ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaya wa ya taɓa ta. Ga ƙofa a buɗe, kalma uku kawai ake bukata, in ce Baba Inuwa ne. Na ce, "Na sake dubawa ne, Alhaji." Ya gyaɗa kai. Ina zaton ya sani, domin mutum ne mai hankali, amma bai ƙure ni ba. Sai da damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, Hajja ta yarda ta sake shiga. Ya zaga da ita ta cikin gonaki da yamma, a hankali, tana nuna masa abubuwa da yatsa. Ya yi mata haka sau da yawa kafin ta rasu a shekarar da ta biyo.

Mutane sun manta da ranar kasuwa da sauri fiye da yadda na zata. Abin da suka riƙe shi ne jar motar na yawo lafiya, kuma a garejin Garba aka yi ta. Masu tsofaffin motoci suka fara zuwa daga birni. Gidan nan da kuka girma a ciki daga wannan suna ya fito. Baba kuwa bai sake zama a gareji ba. Direbobi sun riga sun kai labarin kunnensa kowace tasha, babu mai zuwa ya saurara masa inji. Ya koma gonarsa. Da salla ina kai ku gaisuwa, ya sa mini albarka, ya tambayi aiki. Ko sau ɗaya bai tayar da maganar ba, ni ma na fake da hakan na ce a raina ya wuce.

Bayan shekara bakwai ya kwanta ciwo. Lokacin kunnen hagun ma ya kusa rufewa, sai an kafa baki an yi ihu yake tsintar kalma. Mahaifiyarku da ba ta taɓa matsa mini ba ta ce, "Malam, ka je ka nemi gafarar Baba. Ba na jin zai tashi." Na je bayan la'asar. Yana kwance a ɗakinsa a kan tabarma, an yi ruwa da safe, ƙofa a buɗe. Tsakar gida cike take da mata masu dubiya, ƙannen mahaifiyarku maza na zaune a bakin rumbu. Na zauna ta hagunsa. Na san in ina so ya ji, sai na ɗaga murya yadda duk gidan zai ji: cewa na tona masa asiri don in karɓe aiki, cewa shi ya gyara motar, cewa sunan da nake ci nasa ne. Na dubi ƙofar. Sannan na sunkuya na ce a hankali, da muryar da na tabbata ba za ta kai ba, "Baba, ka yafe mini abin da na yi maka."

Ya kalli bakina, ya yi murmushi.

"Ƙwarai kuwa," ya ce. "Ruwan ya shiga ƙasa. Bana gero zai yi kyau."

Na ce haka ne, Baba. Na yi masa addu'a na tashi, ina gaya wa kaina ai na faɗa. A bakin ƙofa na tarar da mahaifiyarku tsaye da kwanon kunu.

"Ni na ji," ta ce. "Shi bai ji ba. Koma."

Na ce mata gobe, yau mutane sun yi yawa. Kada ku ɗauka mutuwa ce ta yi mini sauri. Wata biyu ya ƙara a duniya, kusan kullum ina zuwa, ina zama a hagunsa, kuma kullum akwai wani a tsakar gida. Ni na shiga kabarinsa na karɓe shi, mutane na cewa Allah ya yi wa Garba albarka, ya riƙe surukinsa kamar uba.

Ina kyautata zaton ya yafe tun ranar da ya jingine kekensa a darbejiya, domin halinsa ke nan. Amma yafewar da ya yi ba ta zama roƙon da ban yi ba. Ku yi masa addu'a da sunansa, Allah ya jiƙan Malam Inuwa, ya sa ya huta. Ke Sadiya, ke ce babba. Ranar da kuka taru da salla, ki kira ƙannenki da kawunnanku da 'ya'yansu a tsakar gidan kakanku, ki karanta musu wannan tun daga farko. Ni ma zan zo a sa mini kujera. Ki ɗaga murya yadda na bakin zaure ma zai ji.